Amsa ga ƙanwarmu ta Daura da aka ɗora wa shirin waƙoƙin manya

Assalamu alaikum 'yan gida. Ƙanwata, tun daren jiya na ga tambayarki, na fara rubutu na goge har sau biyu, don kin taɓo mini tsohon miki. Kin ce an ba ki awa uku kullum a gidan rediyo, daga goma na safe zuwa ɗaya, an ce ki haɗa waƙoƙin da za su riƙe manya, 'yan talatin da biyar zuwa sama. In kin sa Shata a ce kin mai da tasha gidan tarihi, in kin sa na yaran yanzu dattawa su kira su ce kina ɓata tarbiyya, ga kuma na sama da ke kullum da waƙar da zai ce lallai a saka. Wallahi kamar labarina kika kwafa. Shekara goma sha ɗaya na yi a kan irin wannan kujera a nan Katsina, har yau in na ji an ce "shirin manya" sai gabana ya faɗi.

Abin da ya ɗauke ni shekaru kafin in gane shi ne, wane ne ma babban? Mu da an ce babba sai mu hango tsoho mai furfura a kan tabarma da rediyonsa mai batir. To yi lissafi da kanki. Wanda aka haifa a 1980 shekararsa goma sha tara lokacin da Shata ya rasu a 1999. Yana girmama Shata, ya ji shi a motar babansa, amma ba da kalangu ya yi zance ba. Da waƙoƙin fina-finan Hausa na zamanin fiyano ya yi samartaka, muryoyin su Misbahu M. Ahmad da Rabi Mustapha da Sadi Sidi Sharifai, da na Indiya, da kaset ɗin Don Williams da Lucky Dube in ɗan boko ne. Yau wannan mutumin shi ne magidanci mai 'ya'ya shida, shi ne hedimasta, matarsa ita ce ke aurar da 'ya. Su ne manyan da aka ce ki riƙe, kuma su ne ba a yi wa shiri. Kowa ko dai ya yi na tsofaffi ko ya yi na yara, na tsakiya an bar su a rana. Ranar da na fara sa tsofaffin waƙoƙin fim ɗin nan da misalin sha ɗaya, wata baiwar Allah ta kira daga Batagarawa, ba ta ma iya gaisuwa ba don dariya, ta ce da wannan waƙar aka kai ta ɗaki.

Amma bari in fara da maganar na sama da ke, don ita ce ta hana ni barci.

Wata Talata ce, ba zan manta ba. Wani saurayi ya zo da kansa ya biya kuɗin sanarwar rasuwar mahaifinsa, tsohon malamin makaranta da rabin garin nan suka bi ta hannunsa. Idonsa jawur. Bai tafi ba, ya zauna a bencin ƙofar situdiyo don ya ji da kunnensa an karanta sunan daidai. Na karɓi takarda, na sassauta murya, na yi innalillahi, na faɗi lokacin jana'iza da unguwa, na yi addu'a, na rufe makirfo. Niyyata in bar ɗan shiru sannan in sa taken tasha. Ban sani ba ashe shugaban sashenmu ya shigo da sassafe ya taɓa kwamfuta, ya jawo wata sabuwar waƙar biki ya kafa ta a kan sha ɗaya da rabi, ya bar na'ura a kan ta tashi da kanta. Ƙanwata, waƙar da guɗa ta fara. Guɗa! Ina rufe baki da "Allah ya jiƙansa" sai ayyururui ta cika garin Katsina. Hannuna ya mutu. Kafin in lalubo maɓallin in ja shi ƙasa an yi kamar daƙiƙa goma, amma ni a wurina shekara ce. Na ɗaga kai ta gilashi muka haɗa ido da yaron. Bai ce komai ba, ya miƙe ya sa takalminsa ya fita. Da ma zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Waya kuwa kamar za ta fashe. Wani ya ce mu arna ne, wani ya ce da gangan muka yi don marigayin ba ɗan jam'iyyar mai tasha ba ne, abin da ko a mafarki ban sani ba. Kafin la'asar an kira ni ofis. Shugaban sashen nan namu yana zaune gefen manaja, ya harɗe ƙafa, yana jan carbi. Aka tambaye shi, ya dube ni ido cikin ido ya ce shi bai ma taɓa jin waƙar ba, kuma ya sha gargaɗina a kan sakaci. Mutumin da na goya a babur ɗina wata huɗu lokacin da motarsa ta lalace. Mutumin da ya ci tuwon sunan 'yata. Aka ba ni takardar tuhuma, aka dakatar da ni sati uku, aka yanke rabin albashin da ma ba ya zuwa a kan lokaci, saura kwana kaɗan babbar Salla. Shekarar ban yi layya ba, maƙwabci ne ya aiko mana da cinya.

Ran sadakar uku na wanke ƙafa na je gidan. Ba wanda ya aike ni, tasha ko katin ta'aziyya ba ta aika ba. Na durƙusa na gabatar da kaina, sai yayan marigayin, wani tsoho siriri, ya ɗago ya ce, "Au, kai ne mai guɗar?" Ba da faɗa ya faɗa ba, shi ya sa ta shige ni. Suka ce sun yafe, Allah ya saka musu. Amma har yau akwai masu shayi biyu a wajen Ƙofar Ƙaura da ke kirana Mai Guɗa.

Gaskiya ba ta fito ba sai bayan wata biyu, da yaron da ya yi waƙar ya zo tasha yana kumfar baki, wai ya biya a sa masa ita sau biyar a rana har wata guda, an sa kwana tara an daina. Wa ka ba? Ya faɗi suna a gaban kowa. Kin san abin da aka yi wa mutumin? Ba komai. An ce a rufe maganar don mutuncin tasha. Rabin albashina kuwa ko a lahira sai dai in Allah ya bi mini. Na ce na yafe, amma ga shi ina rubutawa hannuna na rawa, ke nan da saura.

Don haka duk wanda ya ce ki sa waƙa, ko wane ne shi, ki ce ya rubuta a littafin aiki ya sa hannu, ko ya turo miki ta WhatsApp ki adana. Ki faɗa da ladabi, "Ranka ya daɗe, don kada in manta ne." Kuma kada ki taɓa karanta sanarwar rasuwa ko labarin hari na'ura tana kan tashi da kanta. A jihar nan da kullum sai an kawo labarin wani ƙauye, abin da ke biyo bayan labarai ya fi abin da ke gabansu haɗari.

To, komawa kan waƙoƙin. Kada ki sa abin da ba ki saurara daga farko har ƙarshe ba, ko da kin san shi tun kina goye. Na gargajiya sun fi cin mutum, don ana ganin ai na iyaye ne, ba abin tsoro. Alhali tsakiyar waƙar yabo zambo ne, kuma wanda aka yi wa zambon jikokinsa suna nan da rai, wani ma shi ke ba ku talla. A Daura kuwa da kowa ɗan uwan kowa ne, sai ki ƙara kula da waƙoƙin fada. Shata kansa yana da waƙarsa ta shan ruwa da kowa ya sani, sa ta da hantsin Juma'a ki ga ikon Allah. Barmani Choge, Allah ya jiƙanta, tamu ce ta Funtuwa, mata na mutuwar sonta, amma in kin sa masu habaicin kishiya ki shirya wa kiran magidanta masu cewa kin haɗa musu gobara a gida. Ni dai ina sa ta, da hantsi lokacin da maza suka fita, kuma ban taɓa nadama ba.

Sai tsawo. Waƙar Ɗanƙwairo ko Shata tana iya cin minti ashirin, ke kuma kina da talla duk kwata. In kin yanke a tsakiyar baiti, masu sonta sun fi jin haushi fiye da a ce ba ki sa ba. Ki zauna ranar da ba ki da aiki ki yi wa kowace alama a inda amshi ya faɗi, nan ake fita lafiya. Ɗanmaraya Jos ya fi sauƙi, yawancin nasa gajeru ne kuma kuntigi ba ya hayaniya, yana shiga tsakanin tsoho da sabo ba a ji karo ba. Ni da shi nake yin gada. Aminu Ala ma haka, dattijo ba ya ƙyamarsa, matashi ba ya kashe rediyo. Abin da nake yi a awa ɗaya, kusan: na gargajiya ɗaya, na zamanin fiyano biyu, sabuwa ɗaya mai natsuwa, sai Indiya ko Turanci ɗaya mai sanyi, irin su Lata Mangeshkar. Sabuwar kuma ba na sa ta sai ta yi watanni a gari, har na ji matan aure na rera ta a gidan biki. Babba ba ya son a ba shi mamaki, yana son ya ji abin da bakinsa zai iya bi.

Af, kada in manta, ki guji waƙoƙin masu turawa a waya na bakin kasuwa. Rabi akwai sunan shagon a tsakiya, wani yaro ya yi ihu da lambar wayarsa, sautin kuma wata ta yi ƙasa wata ta fasa kunne. Abin da ke ƙona mini rai ke nan. Muna jihar da ta haifi Shata a Musawa, muna da Sarkin Taushin Katsina, amma in kana neman sauti mai kyau sai ka bi tsofaffin direbobi kana roƙon kaset. Na san ɗakin da faifai suke jibge, ɗigar ruwa da gara suna ci, in ka yi magana a ce ba kuɗin dizal ma balle na wannan. Wata rana sai mun nemi muryoyin nan da kuka. Wannan dai wata magana ce daban, admin ya yi haƙuri.

Masu kiran waya kuma kada su ruɗe ki. Mutum ashirin ne, su ne jiya su ne yau, 'yan ƙungiyoyin zumunta masu gaida juna, kowa da waƙarsa guda da yake nema tun zamanin Zaɓi Sonka. Mutanen kirki ne, amma ba su ne gari ba. Tela da ke aiki da rediyo a kunne ba ya kira, mai faci ba ya kira, matar da ke tsintar shinkafa ba ta da kati. Ki shiga kasuwar Mai'aduwa wata Lahadi, ki bi rumfuna ba tare da kin ce ke ce wance ba, ki ji inda ake murɗa rediyo a bar ku. Kuma ke da ke kusa da Kwangwalam, ki tuna ana jin ki a tsallaken iyaka. Ki riƙa jefa na Nijar, irin su Sa'adu Bori, za ki ga saƙonni daga inda ba ki zata ba.

Lokacin salla ba sai na faɗa miki ba, sai dai ki fita daga kiɗa tun da sauran minti biyar, kada kiran salla ya riske ki ana tsakiyar rawa. Azumi tsarin gaba ɗaya canzawa yake. Watan Maulidi da Sallar Gani, a Daura dole ki sa bege, amma ki zaɓi wanda ba ya taɓa kowa, don in ɓangare ɗaya ya ji an yi masa gugar zana, ke za a bi, ba sha'irin ba. Na siyasa kuwa, komai daɗin kiɗan Rarara, in ba talla aka biya aka rubuta ba, kada ta shiga shirinki. Hukumar NBC mai sa ido kan gidajen rediyo da talabijin tana saurare, musamman awa 24 kafin zaɓe, kuma in tara ta zo kin riga kin san kan wa za ta sauka.

Ina da waƙoƙin zamanin fiyano sama da ɗari da na tace da hannuna, na daidaita sautinsu, da jerin na gargajiya da na yi wa alamar wurin yankewa. Ki sa ɗan uwanki ko wani direban Daura ya same ni da filashi ranar Asabar bayan la'asar in zuba miki. Akwai guda uku da na sa wa jan alama, masu farawa da guɗa ne.