Ba a yi ƙidaya ba tun 2006, daga ina adadin yaranmu yake fitowa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaciyar rigakafi ce a wata ƙaramar hukuma a Zamfara. Kowace shekara ana turo mana adadin yaran da za mu yi wa allura, amma waɗanda muke tararwa sun fi shi nesa ba kusa ba, har allura ta ƙare iyaye na tsaye a layi. Wa ya ƙirga yaran nan?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Babu wanda ya ƙirga su, ƙiyasi ne. Ƙidayar 2006 ta ba Najeriya mutum miliyan 140 da ɗoriya, wadda aka shirya yi a 2023 kuma aka ɗage ta. Don haka lissafi ake yi: a ɗauki mutanen 2006 rukuni-rukuni bisa shekaru da jinsi, a ƙara haihuwa, a cire mace-mace, a yi la'akari da masu ƙaura. Da yake rajistar haihuwa da ta mutuwa ba ta kankama ba, daga binciken gida-gida ake samo alƙaluman. Na 2018 ya nuna matsakaicin haihuwar mace 5.3 ne a ƙasa baki ɗaya, 6.6 a Arewa maso Yamma.

A matakin ƙasa wannan da dama-dama. Ɓarnar tana ƙananan hukumomi, kuma ita ce ke ɓata mini rai kullum. Jami'i zai ɗauko adadin 2006, ya riƙa ɗora masa kusan kashi 3 cikin 100 duk shekara, ya ware kashi 4 ya ce jarirai ke nan, ya buga hatimi. Shi ke nan, takarda ta zama wahayi, ba mai musu da ita. To lissafin nan bai san 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka ba. Bai san mutanen sun kwararo Gusau da Anka ba, kamar yadda na Borno suka cika Maiduguri. Ƙauyen da ya zama kufai, a takarda har gobe haihuwa yake yi. Shi ya sa za ki ga rahoto na cewa wani wurin da jama'a suka kwararo an yi wa fiye da kashi 100 na yaran da ke takarda allura, ana ta yabo, alhali ƙyanda na kwantar da yara a unguwar da ke kusa.

Kada kuma ki saurari masu cewa a auna da katin zaɓe ko layukan waya. Jariri ba ya da ko ɗaya.

Ki haɗa kai da masu unguwanni da ungozomomi, ku bi gida-gida ku rubuta yara 'yan ƙasa da shekara 5, har da na 'yan gudun hijira. Ki miƙa jerin a rubuce ga jami'in rigakafi na ƙaramar hukuma kafin a tsara rabon allura na gaba, ki ajiye kwafi a wurinki.