Amsa ga Hajiya kan imel ɗin da ya ƙi tafiya

Assalamu alaikum jama'a. Hajiya, na saurari saƙonki har sau biyu. Kin ce kin liƙa takardun kwangila a Gmail ya ƙi tafiya, kina tambaya ko ki biya kuɗin ƙarin wurin ajiya. Don Allah kada ki biya tukuna. Abu biyu kika haɗa wuri guda.

Girman rumbu daban, faɗin ƙofar daban. Gmail ba ya ɗaukar abin da ya wuce mega 25 a saƙo ɗaya, ko da kin sayi rumbun da ya kai sito-siton Dawanau. Kuma fayil yana kumbura a hanya, kusan sulusinsa, saboda yadda imel ke naɗe shi. Shi ya sa na mega 20 zai fita daga wajenki lafiya lau, akwatin kamfanin can ya dawo miki da shi. Ki ɗora shi a Drive, wato ma'ajiyar fayil ta Google a intanet, ki tura musu linki, amma ki tabbata kin buɗe musu izinin gani, in ba haka ba su danna su tarar da ƙofa a kulle.

In kuma sun ce lallai sai an liƙa, to sikanin ɗin ne matsalar. Na rantse yaron shagon ya yi miki shi da kala, a kan dpi 600, wato ma'aunin kaifin hoton sikanin. Takardar CAC, wato ta rajistar kamfani, da ta haraji me za su yi da kala? Ya mayar 150 ko 200, baƙi da fari, ki ga yadda zai saɓe.

Wannan abin yana ci min rai, wallahi. Inda na taɓa aiki, imel ɗaya muke amfani da shi mu shida, na kyauta, mai giga 15. To giga 15 ɗin nan Gmail da Drive da Photos duk a ciki suke ci. Oga ya sa imel ɗin a wayarsa, bidiyon bikin 'yarsa kaf ya hau Photos, ma'ajiyar hotuna ta Google, tun daga kamu har budar kai. Akwati ya cika, saƙo ya daina shigowa. Kwana huɗu muna zaune muna cewa kasuwa ce ta yi sanyi, ashe masu oda suna ta turowa yana komawa. Da abin ya fito, wa aka kira ofis? Ni. A gaban kowa. Na goge, na goge, wuri bai ƙaru ba, sai daga baya na gane kwandon shara ma ana lissafa shi, sai ya kwana 30 yake zubar da kansa in ba kai ka zubar ba. Har yau mutumin nan bai ce min... to, a bar wannan.

Af, na ce giga 15, wannan na kyauta ne. In Workspace, wato Gmail na kamfanoni mai kuɗi, kike biya wa ma'aikatanki, ƙaramin tsarin giga 30 ne kowane mutum, kuma a tukunya ɗaya ake zubawa, mutum ɗaya zai iya cinye rabon saura. Ki duba ajiyar WhatsApp ɗin masu Android da ke hawa Drive ma, yanzu tana cikin lissafi.

Ki ɗauko min hoton abin da ya rubuta miki lokacin da ya ƙi tafiya, ki turo nan. Ina shago har la'asar.