Tsagar bango mai buɗewa da bazara, ta rufe da damina

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Gidana yana Saga, nan Yamai, ba nisa da gonakin shinkafa. Ginin bulo ne da siminti. Akwai tsaga a kusurwar ɗakin baya, ta taso daga ƙasan taga tana bin layin bulo hawa-hawa. Da bazara takan buɗe har bakin makulli ya shiga, da damina ta rufe, ƙofar ɗakin kuma ta riƙa cijewa. An liƙe ta da siminti, ta dawo. Gindin bango yana jiƙewa, fenti na ɓarewa, da wani farin abu a kai. Akwai babban dogon yaro dab da ɗakin. Wani magini ya ce a tone tushen gaba ɗaya a zuba kankare. In yarda? Daga wata Hajiya.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Kada ki yarda tukuna. Yadda kika bayyana tsagar nan, ƙasar da ke ƙarƙashin ɗakin ce take motsi, kuma ruwa ne ke motsa ta. In ba a tare ruwan ba, kuɗin kankaren zai tafi a banza.

Yawancin Yamai a kan tudu take, yashi da marmara, ƙasar da ba ta damu da jiƙa ko bushewa ba. Amma da an gangaro wajen kogi, irin su Saga da Kirkisoye da Lamorde, ko cikin kwarin Gunti Yena, sai a tarar da laka. Wata lakar tana shan ruwa ta kumbura, ta bushe ta tsuke. Ki duba bakin fadama a watan Afrilu, za ki ga ƙasa ta dare gida-gida, wani ramin har hannu na shiga. Abin da ke faruwa ke nan ƙarƙashin gininki. Ruwanmu kuwa na shekara, milimita 500 zuwa 600, kusan duk tsakanin Yuni da Satumba yake sauka, sauran watanni rana ce da iska. Da a ce gidan duka zai ɗaga tare ya sauka tare, da babu tsaga. Matsalar ita ce ƙasar da ke ƙarƙashin tsakiyar gini a rufe take, danshinta ba ya canjawa sosai, gefe da kusurwa kuwa su ke shan ruwa su ke shan rana. Shi ya sa kusurwa ke fara dārewa.

Kafin a taɓa komai, a auna. Ki sa a ja layi biyu da fensir, ɗaya kowane gefen tsagar, a auna tsakaninsu da rula, a rubuta kwanan wata a jikin bangon. Kowane wata a sake, daga tsakiyar damina har zafin bazara. Tsagar da ba ta kai milimita 5 ba, tana buɗewa tana komawa inda take, ba ta gaggawa ba ce. Wadda kowace shekara take ƙara faɗi, ko ta haura milimita 15, ko bango ya fara karkata, ko ta ratsa ginshiƙin kankare, wannan kam a fitar da mai kwana a ɗakin, a kira injiniya ya gani da idonsa.

Aikin farko, mai araha kuma mafi amfani, shi ne korar ruwa daga gindin bango. Ki fita lokacin da ake ruwa, ki tsaya ki kalli inda indararo ke zuba. A gidaje da yawa a gindin bango yake kwarara, har ya haƙa ɗan rami, ruwan rufin ɗaki guda yana nutsewa wuri ɗaya. A sa masa bututu ya sauko da ruwan, a kai shi aƙalla mita 2 nesa da gini, zuwa lambatu. Sannan a yi daɓen kankare kewaye da gidan, faɗin mita 1 da rabi in fili ya samu, da gangara ta santimita 3 zuwa 5 a kowace mita, tana kallon waje. A shimfiɗa leda mai kauri ƙarƙashinsa. Daɓen nan aiki biyu yake yi: yana hana ruwa shiga da damina, yana hana ƙasa ƙeƙashewa da bazara. Inda ya haɗu da bango kada a ɗinke su da siminti, a bar 'yar kafa a cike ta da kwalta, don kowa ya yi motsinsa.

Sai ruwan da ba na sama ba, wanda aka fi mantawa da shi. Famfon tsakar gida mai ɗiga, wurin alwala, wurin wanke-wanke, ramin ruwan wanka da na masai in an haƙa su jikin gini. A rufe duk famfunan gidan a duba mitar ruwa. In tana juyawa, akwai tiyo da ya fashe a ƙasa.

Dogon yaron nan ina zarginsa. Da bazara saiwoyinsa suna zuƙe danshin da ke ƙarƙashin kusurwar, ƙasa ta tsuke, kusurwa ta zauna. Ƙa'ida ita ce nisan itace da gini ya kai tsawon itacen in ya girma. Amma kada a wayi gari a sare shi. Lakar da ya daɗe yana busarwa za ta sha ruwa ta kumbura, ta ɗaga ɗakin, a samu sabuwar tsaga. Ga kuma asarar inuwa, wadda a Yamai ba ƙaramin abu ba ce. A riƙa rage masa rassa kowace shekara. In da hali, a haƙa siririn rami mai zurfin mita 2 tsakaninsa da ɗakin, can nesa da tushe, a zuba katangar kankare ta tare saiwa.

Jiƙewar gindin bango kuwa, danshi ne ke hawa daga ƙasa ta cikin bulo, ya bushe ya bar gishiri. Fenti mai sheƙi ko tayil ba sa maganinsa, sai ma su kulle danshin ya ƙara hawa sama. A kankare filastar da ta ruɓe har a wuce iyakar jiƙar, a bar bango ya sha iska cikin rani. Ta waje a tone gefen tushe kaɗan-kaɗan, a wanke, a yi masa filasta da siminti mai maganin hana ruwa, in ta bushe a shafa kwalta hannu biyu. Ki duba kuma ko an yi ta ciko a tsakar gida ko a titi har ƙasa ta kai daɓen ɗaki. Ya kamata daɓe ya fi ƙasar waje da santimita 15 ko fiye. Duk wannan maganin danshi ne. Ambaliya irin ta 2020, da kogi ya karya madatsai ya shiga unguwanni, kwalta ba ta tare ta.

In an yi waɗannan, an ga rani da damina, tsaga ba ta daina ƙaruwa ba, to an zo maganar magininki. Amma a fara da gwajin ƙasa. A haƙa rami gefen tushe a ga zurfinsa, a ɗebi ƙasar a kai ɗakin gwaji na ayyukan gine-gine, su faɗi yawan kumburinta da inda ƙasa mai ƙarfi take. A Faransa, inda wannan laka ke ɓarna sosai, ana neman tushe ya kai santimita 80, ko mita 1.20 inda lakar ta yi tsanani. Nan da raninmu ya fi tsawo, tushen da bai wuce gwiwa ba a cikin laka ba abin dogaro ba ne.

Ƙarin tushe ba a yin sa gaba ɗaya, nan ne maganar magininki ta ba ni tsoro. In aka tone ƙarƙashin bango daga wannan kusurwa zuwa waccan, a kan me zai tsaya? Ana yi ne gaɓa-gaɓa, mita ɗaya-ɗaya, a tone ta farko a tsallake biyu, a sa ƙarfe, a zuba kankare mai buhu 7 na siminti a kowace mita kubik, a cusa shi har ya taɓa tsohon tushe, a yi ta ba shi ruwa mako guda kafin a taɓa ta kusa da ita. Kuma da rani ake yi, ba rami a buɗe hadari na haɗuwa ba. Injiniya ne zai ce ko kusurwar kaɗai za a yi ko bangon duka, don in an ƙarfafa gefe ɗaya ɗayan yana motsi, tsagar ƙaura kawai za ta yi.

Liƙin tsagar shi ne na ƙarshe, bayan awo ya nuna ta tsaya. A buɗe ta da kurfi, a ratsa guntayen ƙarfe a layin bulo su haye ta ta kowane gefe, a cike, a ɗora raga kafin filasta. Ƙofar kuma kada kafinta ya fere ta da damina, in ba haka ba da bazara za ki tarar da giɓi a samanta.