Ciwon kai da farfaɗiya bayan dashen ƙoda

Tambaya: Likita, an yi wa maigidana dashen ƙoda shekara 4 da suka wuce. Yanzu ciwon kai da farfaɗiya sun same shi, an ce kansar ƙwaƙwalwa ce. Me ya jawo? Daga Daura.

Amsa: Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Magungunan hana jiki ƙin sabuwar ƙoda, irin su tacrolimus, suna raunana garkuwar jiki. Sai ƙwayar cutar Epstein-Barr ta samu sarari, ta sa fararen ƙwayoyin jini hayayyafa ba ƙaƙƙautawa, har su zama kansa a ƙwaƙwalwa; mai yiwuwa abin da ya same shi ke nan. Hoton MRI kaɗai ba ya tabbatarwa, sai an ciro ɗan nama an gwada. Idan an tabbatar, ana rage magungunan hana ƙin ƙodar, a ƙara maganin kansa rituximab, wani lokaci da wani maganin kansar, methotrexate, ko gashin kansar da na'ura. Kada ya daina shan maganinsa da kansa, ƙodar na iya mutuwa.