Hukuncin haɗa ƙaramin samfurin jirgin yaƙi da yi masa fentin tsufa

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah gafarta Malam, ni ma'aikaci ne a Kaduna. Idan na taso daga aiki nakan haɗa ƙananan jiragen yaƙi na roba, waɗanda ake sayarwa gutsi-gutsi a kwali, mutum ya manna su da gam ya yi musu fenti. Yanzu ina kan haɗa Alpha Jet irin na sojin samanmu. Bayan fenti nakan sa masa dauɗa da ƙarce-ƙarce da baƙin hayaƙi don ya yi kama da wanda ya sha aiki. Wani abokina ya ce wannan sassaƙa ce, mala'iku ba za su shiga ɗakina ba, kuma mai da sabon abu tsoho algus ne. A kwalin akwai matuƙa biyu na roba. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗan'uwa, haɗa jirgin halal ne, ajiye shi a ɗaki halal ne, sayar da shi ma halal ne. Abokinka ya ji hadisi ingantacce, sai dai ya ɗora shi a inda ba muhallinsa ba. Hanin da ya zo game da surantawa ya shafi abu mai rai ne. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa wani mutum ya zo wurin Abdullahi ɗan Abbas ya ce masa da zane yake cin abinci. Ibn Abbas ya faɗa masa abin da ya ji daga Annabi (SAW), cewa wanda ya suranta wata sura za a azabta shi har sai ya hura mata rai, kuma ba zai iya ba. Da mutumin ya firgita, sai ya ce masa in ba makawa sai ya yi, to ya yi bishiya da duk abin da ba shi da rai. Dalilin hanin yana cikin lafazin kansa: hura rai. Jirgi ba a taɓa hura masa rai ba, ƙarfe ne da ɗan Adam ya ƙera, kai kuma kana kwaikwayon aikin maƙera ne. Malamanmu na Malikiyya, irin su Shehu Dardir a bayaninsa kan halartar walima, sun ce suranta abin da ba dabba ba, kamar jirgin ruwa da bishiya, babu haramci a ciki. Hukuncin jirgin sama bai bambanta da na jirgin ruwa ba. Yaranmu sun daɗe suna ƙera mota da kara da gwangwani a gaban malamai, ba wanda ya hana su.

Inda maganar take da nauyi shi ne matuƙan nan biyu, domin Alpha Jet kujera biyu gare shi, ɗaya a bayan ɗaya. A mazhabarmu sura tana haramta idan ta haɗa abubuwa uku: ta abu mai rai ce, tana da jiki mai inuwa, kuma gaɓoɓinta sun cika ta yadda da mai rai ne zai rayu a haka. Matuƙin roba ya haɗa ukun. Ƙanƙantarsa ba ta fitar da shi ba, hular kwano da abin rufe hanci da aka sa masa ma ba su cire masa kai ba. Wasu malamai na wannan zamani suna sassautawa, suna kafa hujja da 'yan tsanar Nana A'isha, har da dokin nan mai fukafukai da Abu Dawud ya ruwaito Annabi (SAW) ya gani a wurinta ya yi dariya. Ban raina wannan magana ba, amma rangwamen ya zo ne a kan wasan yara, kai kuwa babba ne mai yin abin don ado ka ajiye shi a kan kantar ɗaki. Abin da nake ba ka fatawa a kai shi ne ka bar su a kwali. Ba ka yi asara ba, tunda masu wannan aiki da yawa suna barin mazaunin matuƙi ba kowa, su ɗaga murfin gilashin, jirgin ya zama kamar yana tsaye a filinsa, a ga kujeru da maɗauransu da allon agogunan gaba. In kuma jirgin a tashe kake son nuna shi, to ka cire kawunan matuƙan, saboda hadisin da Jibrilu ya yi umarni a yanke kan mutum-mutumin da ke ƙofar ɗaki ya koma kamar siffar bishiya.

Sai sitikun da ake liƙawa. Lambobi da rubutun gargaɗi da da'irar kore-fari-kore ta sojin saman Nijeriya duk ba komai. Tambarin runduna mai hoton mikiya ko damisa zane ne marar inuwa, a wurin Malikiyya makaruhi ne bai kai haram ba, barinsa ya fi. Bakin kifi mai haƙora da ake zanawa a hancin wasu jiragen Amurka ba cikakkiyar sura ba ce. Biyu ne nake hana ka kai tsaye. Na farko hotunan mata marasa sutura da aka riƙa zanawa a jikin jiragen Yaƙin Duniya na Biyu, wasu kwalaye suna zuwa da su. Na biyu gicciye, domin Bukhari ya ruwaito daga Nana A'isha cewa Annabi (SAW) ba ya barin wani abu mai gicciye a gidansa sai ya warware shi. Jiragen Jamus da na Suwizalan suna ɗauke da wannan alama. Tun da Faransa da Jamus ne suka haɗu suka ƙera Alpha Jet, ka duba takardar sitikunka da kyau, wataƙila akwai na Jamus a ciki.

Game da fentin tsufa, babu algus a ciki. Hadisin "wanda ya yi algus ba ya tare da mu" ya zo ne a kan mai sayar da abinci da ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙasa ya ɗora busasshe a sama. Algus ɓoye aibi ne don a ci kuɗin mutum a kan abin da bai sani ba. Kai kuwa da ka tsinka fenti mai duhu ka zuba shi ya bi layukan haɗin jikin jirgin, ka ɗangwala soso ka fitar da wuraren da takalman makanikai suka goge, ka shafa baƙi a bakin injin, babu wanda ka rufe wa komai. Duk mai kallo ya san abin da bai kai taƙi ɗaya ba, mai ma'aunin 1 cikin 72, wato tsawonsa kashi ɗaya cikin 72 na jirgin gaskiya, bai taɓa tashi sama ba. Hasali ma gaskiyar jirgin kake nema, domin Alpha Jet ɗin da suka shigo ƙasar nan tun farkon shekarun 1980, suka yi aiki a Laberiya ƙarƙashin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma, rana da ƙurar hunturu ba su bar su da ƙyalli ba. Kyautata aiki abin so ne a addini. Algus zai shigo ne ranar da ka sayar wa wani ka ce tsohon kayan tarihi ne, ko ka ɓoye fiffiken da ya karye ka manna.

Abin da nake jiye maka tsoro fiye da duk waɗannan shi ne alwalarka, kuma shi ne ba ka tambaya ba. Gam mai kama nan take da fentin mai suna bushewa a yatsa su zama ɓawo, ruwa ba ya ratsa su. Wajibi ne ruwa ya kai ga fata, a mazhabarmu har da cuccuɗawa. Ka kankare duk abin da ke da kauri kafin ka yi alwala, launin da ya rage wanda ba shi da jiki ba ya cutarwa. Safar hannu ta roba za ta hutar da kai. Sinadarin tsinka fenti mai ɗauke da alkohol na masana'anta ba giyar sha ba ce, kuma abin da na rinjayar shi ne ba najasa ba ne. Buroshi mai tauri da ake yi da gashin alade, Malikiyya sun ce gashin da aka aske tsarkakke ne ko da na alade ne, in ka sami na roba kuma ka fita daga saɓani. Tururin fenti da na gam yana cutar da huhu, don haka kada ka yi feshi a rufaffen ɗakin da iyali ke kwana, ka kuma nisanta ƙananan gutsattsarin da wuƙar yanka daga hannun yara.

Kayan nan daga waje ake kawo su, da tsada suke zuwa. Idan cefanen gida da kuɗin makaranta da bashin mutane ba su taɓu ba, kashe kuɗi a halattaccen nishaɗi ba almubazzaranci ba ne. Idan sun taɓu, haramcin daga can ya zo. Haka sallah: fenti zai jira ka, jam'i ba zai jira ba.

Ka kuma duba zuciyarka game da jirgin da kake zaɓa. Na gaskiyar kayan kisa ne, an zubar da jinin bayin Allah da irinsu a wurare da dama. Wanda ya haɗa shi don sanin ƙira da tarihi, ko don ya nuna wa ɗansa yadda fiffike ke ɗaga ƙarfe sama, ba shi da laifi. Wanda ya ƙawata jirgin rundunar da ke kashe raunana don so da alfahari da abin da take yi, zunubinsa a wannan son yake. Ka gaya wa abokinka wannan cikin ladabi, kishin addini ne ya sa ya yi maka magana.

Wallahu a'alam.