Direba da aikin yaron mota: amsar Baffa

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce tun da aka ba ka tirela, in ka sauko kana ɗaure tamfol ko kana zagaya tasha da ƙafa, sai abokan aiki su ce kana zubar da girman direba, wai aikin yaron mota ne. Kana tambaya ko haka al'adar take.

Tana da asali. Wanda ya shekara da shekaru yana karen mota, yana wanki, yana kwana ƙarƙashinta, ran da ya hau sitiyari sai a ɗauke masa wahalar, shi kuma ya koya wa na baya. Girmamawa ce, ban raina ta ba. Amma kakanninmu fatake da ke zuwa Gwanja sayen goro, wata da watanni suke yi a ƙafa bayan jakuna, zango zuwa zango. Hutun da suke ba babba, hutun wanda ya sha tafiya ne.

Kai fa? Kano zuwa Legas kusan kilomita 1,000 kana zaune, galibi cikin dare. Ka isa Apapa ka yi kwanaki a layi, daga kujerar mota sai bencin mai shayi: indomi da ƙwai, shayi ya sha sukari, goro a kunci, wani har da sigari. A barcin dare ne ƙarfin bugun jini ke sauka, zuciya ta samu sarari, kuma barcin rana cikin zafin mota ba ya biyan wannan bashin. Hawan jini kuwa ba ya sallama. Na ga ƙato, teɓa har sitiyari, ana cewa ya ji daɗi, ya sauko alwala a Tafa ɓarin jikinsa ya shanye. 'Ya'yansa ƙanana ne a lokacin.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce minti 150 na motsa jiki a mako, wato rabin awa sau biyar. Duba tayoyinka da kanka, ka taka zuwa masallacin da ke nesa. Duk kemis ɗin da ka samu, a auna jininka. In ana ta ganin 140 bisa 90 ko fiye, sai asibiti. Tiramol don korar barci, kul! Gyangyaɗi ya zo, faka ka kwanta.

Yaronka kuma bar masa aikinsa ya koya, amma kama masa igiya. Masu surutu su yi ta yi. Ka gaida mai ɗakinka da yara, Allah ya tsare hanya.