Yadda tsutsar hanta ke kama mafarautan Amazon

Akan tambaya ko cin naman daji ne ke jawo wa mafarautan dajin Amazon da ke Kudancin Amurka ƙullutu a hanta. A gaskiya kare ne ke tsakani. Tsutsar Echinococcus vogeli tana zama a hantar paca, dabba mai kama da gafiya amma ta fi ta girma, kuma idan mafarauci ya feɗe ta yakan jefa wa karnukansa kayan cikin ɗanye. Tsutsar sai ta girma a hanjin kare, ƙwayayenta su fita cikin kashinsa, su gurɓata tsakar gida da hannun yaran da ke wasa da shi. Idan mutum ya haɗiye ƙwayayen, cutar takan yi shekaru a hantarsa kafin cikinsa ya fara kumbura.